Inda ɗalibai ke tuntuɓe a SN1 da SN2

Duk shekara in na zauna gyaran takardun ɗaliban kimiyyar sinadarai a nan Damagaram, kuskure ɗaya ne ke fara tarbata a kan SN1 da SN2, hanyoyi biyu da sabon rukuni ke maye gurbin wani a jikin karbon: wai SN1 mataki ɗaya ne, SN2 mataki biyu. Abin a juye yake. Lambar 1 ko 2 da masana sinadarai Hughes da Ingold suka sa a shekarun 1930 tana ƙirga sinadaran da ke cikin matakin da ya fi nawa, wanda shi ke yanke saurin aikin. A CH3Br da OH−, shigowar OH− da ficewar Br− lokaci guda suke, don haka saurin ya dogara da CH3Br da OH− su biyun: SN2 ke nan. A (CH3)3CBr cikin ruwa kuwa, Br− ke fara tafiyarsa, karbokatiyon (karbon mai cajin +) ya samu, sannan ruwa ya shigo. Ko ka ƙara nukiliyofil, wato mai shigowa da elektaron ɗinsa, saurin ba ya motsi: SN1 ke nan.

Kuskure na gaba shi ne ɗora SN2 kan karbon mai rassa uku, irin na (CH3)3CBr. A SN2 nukiliyofil ta baya yake shiga, kishiyar wurin da mai fita yake. Rassa uku sun toshe bayan nan kamar amalanken jaki a lungun Birni, ba hanya. Kafin ku zaɓi tsari, ku ƙirga rassan karbon ɗin tukuna.

Shigowar ta baya ce ke birkice siffar, yadda iskar hadari ke yi wa laima, abin da masanin sinadarai Walden ya gano a 1896. Amma kada ku rubuta "R ya koma S" ido rufe (R da S haruffa ne masu nuna yadda rukunoni huɗun da ke jikin karbon suka jeru bisa fifiko). Harafin tabbas yana canzawa in sabon rukunin ya gaji matsayin fifikon wanda ya fita. Ku sake jera su huɗun, minti ɗaya ne. A SN1 karbokatiyon shimfiɗaɗɗe ne, ana shigarsa ta fuska biyu, sai a samu gaurayen siffofin.

Kibiyar da ake zanawa don nuna tafiyar elektaron kuma, don Allah, daga elektaron take tashi, ba daga alamar + ba.

Kuskuren da ya fi jawo asarar maki shi ne fitar da OH− daga alkol (karbon mai ɗauke da OH) kai tsaye. OH− ba ya fita da daɗin rai. Sai an sa asid ya zama –OH2+, sannan ya fita a matsayin ruwa. Shi ya sa HBr ke yin aikin, NaBr kaɗai ba ya yi. A halojen kuwa, I− ya fi saurin fita, sai Br−, sai Cl−, F− da ƙyar.