Yadda za a kai yaro mai nakasa daga firamare zuwa jami'a a Legas

A unguwannin Hausawa irin su Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, karatun yaro mai nakasa ya fi tsinkewa a wurin sauya makaranta: ranar shiga aji ɗaya, ranar wucewa sakandare, da lokacin rajistar jarrabawa. Kusan kullum dalilin ɗaya ne, wato ba a rubuta nakasar a takarda da wuri ba, sai hukuma ta yi masa tanadi irin na kowa.

Don haka a fara da takardu. Ana buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, katin mazauna Jihar Legas na hukumar LASRRA, da rahoton likita daga asibitin gwamnati. Matsalar ƙashi da ƙafa a je asibitin ƙashi na Igbobi. Ta ido ko kunne a je asibitocin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. A roƙi likita ya faɗi abin da yaron zai iya da abin da yake buƙata a aji. Takardar da ta ce "kurma ne" kawai ba ta taimaki malami ba; wadda ta nuna awon jin kowane kunne ita ce ke nuna ko na'urar ƙara ji za ta yi amfani. Daga nan a yi rajista da LASODA, ofishin kula da harkokin nakasassu da Dokar Mutane na Musamman ta Jihar Legas ta 2011 ta kafa. A tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo wahala ranar rajistar JAMB.

Makaranta iri biyu ce. Akwai na musamman: Pacelli ta makafi, Wesley ta kurame, da Atunda Olu ta masu nakasar gaɓoɓi, duk a Surulere, sai Modupe Cole a Akoka. Akwai kuma azuzuwan haɗaka a cikin wasu makarantun gwamnati, inda yaro ke karatu kusa da sauran yara da malamin da ya san aikin. Ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai faɗi wadda ta fi kusa. Kusancin nan ba ƙaramin abu ba ne. Uwar da za ta ɗauko yaro daga Agege zuwa Surulere, mota biyu ko uku cikin cunkoso, da wuya ta kai ƙarshen zango. Makaranta matsakaiciya a kusa da gida ta fi mai suna da ba a iya zuwa kullum. Kafin a biya ko sisi, a je da yaron a duba abu uku: ko keken guragu zai shiga ƙofar aji, ko ajin a ƙasa yake, da yanayin bayan gida. Rashin bayan gida mai shiguwa na korar 'yan mata da zarar sun fara al'ada, ba tare da kowa ya faɗi dalili ba.

Yaron kurma yana da nasa cikas. Maganar hannu da ya saba da ita a gida daban take da ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Idan ba wanda ya koyi ta makarantar a gidan, ba mai duba masa aikin gida. A ware mutum ɗaya, ko yaya ko ƙanwa, ya koya tare da shi. Makaho kuwa ya fara birel tun yana ƙarami, rubutun ɗigo shida da ake yi da allo da tsinke, sannan ya koyi buga kibod ba tare da kallo ba. Manhajar NVDA mai karanta allon kwamfuta kyauta ce, TalkBack kuma yana cikin wayoyin Android.

Dokar hana wariya ga nakasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Idan shugaban makarantar gwamnati ya ce babu wuri saboda nakasa, kada a tsaya gardama a bakin ƙofa. A rubuta ƙorafi zuwa ofishin ilimi da LASODA, a riƙe kwafi mai hatimi.

A WAEC da NECO makaranta ce ke yin rajista, kuma a lokacin ne ake nuna cewa ɗalibi na buƙatar takardar birel, manyan haruffa ko ƙarin lokaci. Uba ya je da kansa tun farkon aji uku na babbar sakandare ya ga an cike gurbin. Ranar jarrabawa ba a gyara wannan. Haka a JAMB: bayan an karɓi lambar rajista ta hanyar NIN, a tsaya kan ma'aikacin cibiya ya zaɓi irin nakasar, domin masu sauri sukan tsallake. Tun 2017 JAMB ke da rukunin JEOG, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, kuma Legas na cikinsu.

Wajen zaɓen makaranta, ga UNILAG a Akoka, LASU a Ojo, da kwalejin fasaha ta Yaba, wato Yabatech. Kurma da ke buƙatar tafinta a kowane darasi ya duba Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wanda zirga-zirga ke wa wuya kuma ya duba jami'ar karatu daga gida, NOUN. Da an sami gurbi, a kai wasiƙa da rahoton likita ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin a raba ɗakunan kwana, a nemi ɗaki a ƙasa kusa da bayan gida, sannan a kai kwafi ga shugaban sashe don a san da shi kafin a fitar da jadawalin ɗakunan lacca da na jarrabawa.