Yadda zaku haɗa asusun ƙungiya ku tada sana'a da kuɗinku ba sai kun jira tallafi ba

Duk inda aka tada maganar talauci zakaji an ce ai jari ne babu, a bamu jari kawai a gani. Nima haka nake cewa da, har sai da na samu jarin na cinye shi da hannuna. Na fara sarin caja da sauran kayan waya, ciniki yana tafiya lafiya lau, amma aljihu ɗaya nake zuba komai, na shago da na gida, wani ya zo da larura in ɗauka in bashi, wani yace zai kawo anjima in ce ba komai, wata huɗu da na tashi komawa sari kuɗin hannuna bai kai rabin abinda na fara dashi ba kuma wallahi ko sisi ba'a sace min ba. Tun daga nan na daina yarda cewa kuɗi ne farkon magana.

Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Muhammad Yunus na Bangladesh a 1976 ya rantawa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, har suka karɓi kyautar Nobel a 2006, duniya ta ɗauka ƙaramin bashi shine maganin talauci. Bashin yana taimako kam, amma da aka yi bincike a ƙasashe shida aka fitar a 2015 sai aka ga bai fitar da yawancin mutane daga talauci ba, waɗanda dama suna da sana'a a hannu sune suka fi cin moriyarsa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ma a 2010 abin rikici ya zama, mutane sun ci bashi nan sun ci can har ya shaƙe su. Shi yasa nake cewa ku fara da tari, bashi ya biyo baya, kuma ya fito daga kuɗinku.

Tsarin da nafi yarda dashi shine wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, yanzu ƙasashe da yawa suna yinsa, maza da mata. Ku nemi mutum 15 zuwa 25 waɗanda kuka san juna sosai, kuma ku zaɓi junanku da kanku, kada wani babba ya rubuto muku suna. Wanda kuka san baya biyan bashi kada kunya ta sa ku saka shi, gara ya ji haushi yau da ƙungiya ta watse gobe. Ku zaɓi mutum biyar, shugaba, magatakarda, mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun wasu mutum uku daban waɗanda basa cikin shugabannin, toh kaga mai akwati bashi da makulli, mai makulli bashi da akwati, ba'a buɗewa sai a gaban kowa.

Ku yanka kuɗin hannun jari ɗaya daidai ƙarfin wanda yafi kowa rashi a cikinku, wannan kada ku yi wasa dashi. Duk sati kowa zai iya sayen hannu ɗaya zuwa biyar, ba'a wuce biyar, saboda kada mai ƙarfi ya mamaye asusun ya koma shine mai magana. Kowa da ɗan littafinsa, hannu nawa ka saya a buga maka hatimi nawa, wanda bai iya karatu ba ma zai ƙirga hatiminsa. In an gama sai masu ƙirga su zube kuɗin a faranti a tsakiya, na farko ya ƙirga da ƙarfi, na biyu ya sake, magatakarda ya faɗi jimilla kowa ya maimaita, sati mai zuwa kafin a buɗe kwaɗo a tambaya nawa muka bari, a amsa daga ka, sannan a buɗe a gani ko ya yi daidai. Zakaga kamar ɓata lokaci ne amma wannan ƙirgan a bainar jama'a shine yake riƙe amanar. A gefe guda ku ware wata 'yar jaka ta taimakon gaggawa da kowa yake saka abu kaɗan daidai wa daida, rashin lafiya ko gobara, domin ciwo ɗaya ya isa ya cinye jarin da aka yi shekara ana tarawa.

Bayan kamar wata ɗaya sai a fara bada rance. Mutum baya karɓar fiye da ninki uku na abinda ya tara, kuma ya biya cikin wata uku. A wurare da yawa ana ɗora ɗan kuɗi a kai wanda yake komawa cikin akwati, in kuma ku ba kwa mu'amala da kuɗin ruwa sai ƙungiya ta sayi kayan da kanta ta sayar wa mutum da riba sananniya ya biya a hankali, ko a raba ribar ciniki bisa yarjejeniya. Duk tsarin da kuka zaɓa ku rubuta shi tun ranar farko tare da tarar latti da ta fashi.

Inda nake so ku tsaya sosai shine tambayar da za'a yiwa mai neman rance. Kada ku tambaye shi me zaka yi, kowa yana da amsa mai daɗi. Ku tambaye shi wa zai saya, ka taɓa sayar masa, nawa ka saro nawa ka sayar, kwana nawa kayan suke yi kafin su ƙare. Wanda bai taɓa sayar da ko guda biyar ba ya je ya gwada da ɗan abinda ke hannunsa tukuna ya dawo. Kuma don Allah kada mutum goma su faɗa sana'a ɗaya don sun ga ta karɓi wani, kwastoman ɗaya ne zaku raba, ƙarshe ku karya farashi ku karya juna. Ku duba abinda mutane suke shan wahalar tafiya nesa kafin su samu, gyara ne, ɗinki ne, ɗaukar kaya ne, nan kasuwa take. Sannan kowa ya riƙe littafi, shiga da fita, ya yankawa kansa albashi ya tsaya a kai, uwar kuɗi ba'a taɓa ta. Da na san wannan da cajojina basu tafi ba.

Kowa ya mallaki sana'arsa, ribarsa tasa ce asararsa tasa ce. Ban cika son a ce ƙungiya ta buɗe shago ɗaya na kowa da kowa ba, kayan kowa ba mai kwana a kansa. A 1978 manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na ƙasar Sin sun dangwala yatsa a ɓoye suka raba gonar gandu gida gida, kowa ya bada kason hukuma sauran nasa ne, shekara ɗaya amfanin da suka samu ya ninka na baya nesa ba kusa ba, daga baya ƙasar gaba ɗaya ta bi wannan hanya. Abinda ya kamata a haɗa shine abinda mutum ɗaya bazai iya ba. Sari misali, ku haɗa kuɗi ku saya da yawa wurin dila ku samu sauƙi, ku haɗa kuɗin mota, ku sayi inji ɗaya ana haya. Masaƙa da wasu masu sana'a su 28 na garin Rochdale a Ingila haka suka fara a 1844, kowa ƙuri'a ɗaya, ciniki kuɗi hannu ba bashi. In kuma masu karɓar haraji barkatai suna damunku, kuyi rajistar ƙungiya ku je ofis a tare ku nemi a nuna muku abinda doka tace, kada ku biya komai ba rasit, mutum ɗaya ana iya korarsa amma ashirin sai an saurare su.

Akwai waɗanda ko hannu ɗaya bazasu iya saya ba, irinsu rance zalunci ne a garesu. Ƙungiyar agaji ta BRAC ta Bangladesh tun 2002 take ba irinsu kadara kyauta da koyon sana'a da ɗan abin riƙe kai da mai bibiya na kusan shekara biyu, kuma an gwada a ƙasashe irin Gana da Habasha da Pakistan an ga yana aiki. Ku ma in asusu ya yi ƙarfi ku ɗauki gida ɗaya, ku saya musu kayan aiki, wani daga cikinku ya riƙa leƙa su duk sati har su iya sayen hannunsu na farko.

In an kai wata tara zuwa sha biyu sai a tsaida rance, kowa ya biya abinda ake binsa, a zube komai a ƙirga. A raba jimillar kuɗin da jimillar hatiman kowa da kowa, abinda ya fito shine darajar hannu ɗaya, kowa a ninka masa da yawan hatiminsa a bashi a gaban jama'a. Wanda yake so ya fita ya fita ba rigima, a sake zaɓen shugabanni, masu makulli su miƙa makulli, waɗanda suka rage su zauna su yanka sabon kuɗin hannu kafin a tashi.