Kafin ka sha ruwan rafi in kun fita yawon daji

Bara bayan babbar sallah muka tashi mu shida daga Aboabo a Kumasi zuwa tafkin Bosomtwe, wai zamu zaga kauyukan bakin ruwa da kafa. Kowa ya dauko fiya wata hudu biyar yana ganin ya isa, toh kafin azahar babu ko daya, ga rana ga hawa ga gangara. Wani abokinmu ya hango dan rafi tsakanin duwatsu, garai-garai har kana ganin tsakuwa a kasa, ya durkusa ya sha ya koshi yana cewa ai ruwa mai gudu baya daukar najasa. Malam wannan maganar alwala ce, ciki bai san da ita ba. Kwana biyu shi da buta suka zama aminai, sai da aka kara masa ruwa.

Tun daga nan na koyi abin nan, kuma farkonsa ba tafasawa bane, duba ruwan ne. Mu a nan Ghana galamse, wato hakar zinari ba bisa ka'ida ba, ta gama da manyan koguna, Offin, Pra, Birim, Ankobra, duk wanda ya bi ta kan gada ya gani da idonsa, ruwa kamar an dama Milo. Irin wannan ko ka kwana kana tafasa shi makyurin da ake kama zinari da shi yana nan, wuta kwayar cuta take kashewa ba sinadari ba, dan haka in ka ga ramuka ko ka ji karar inji daga sama, wuce kawai. Haka rafin da ya ratsa gonar koko, manoma na wanke injin feshi a ciki. Ka debi ruwa sama da kauye ba kasa ba, inda yake gudu, kuma ka tambayi mutanen wurin ina suke diba, sun fi ka sani.

In ka debo, bar shi ya kwanta, sai ka tace da kyalle mai tsabta ninki hudu, mayafi ko hankici duk yayi. Tsofaffinmu da suka zo daga arewa sun san wannan tun zamanin kurkunu, kafin hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Ghana ta rabu da shi a 2015. In da dauda sosai daka kwayar zogale busasshiya daya ko biyu ka zuba a lita daya, ka juya ka bari kamar awa daya, laka zata sauka kasa. Amma fa wannan gyaran fuska ne kawai, bai zama na sha ba tukun.

Tafasawa ita ce uwa. Ba wai ya fara tsuwa ka sauke ba, ya rika bulbula sosai sannan ka kirga minti 1 cur. Zaka ji ana cewa minti 3, wannan na masu hawa sama da mita 2,000 ne, mu ko dutsen Afadjato bai kai mita 1,000 ba. Karamar butar shayi da ashana a cikin leda sun isa, in ya huce ya maka salam ka juye shi tsakanin kwalba biyu sau da yawa dandano zai dawo.

In ba halin hura wuta sai kwayar kulorin irin Aquatabs, a tambaya a kemis. Karanta jikin takardar dan girmansu daban-daban ne, ta lita 1 daban ta jarka daban, ka jefa ka girgiza ka jira minti 30, nan ne mutane ke fadi wallahi, kishi baya barin mutum ya jira. A ruwa mai laka bata aiki sosai, kuma akwai kwayar cutar gudawa daya, Cryptosporidium, da kulorin baya iya mata. Filta irin Sawyer ko LifeStraw tana tare wannan da bakteriya amma bairos na wucewa, shi yasa ni nake hada biyun, in tace sannan in jefa kwaya.

Shanya ruwa a farar kwalbar roba awa 6 a rana shima yana yi, sai dai na wanda ya kafa tanti ne ba mai tafiya ba.

Kwalbar diba daban ta sha daban, ni tawa ta diba na daure mata jan zare a wuya dan kar in rikice. Kuma kar ka tsunduma cikin ruwan da ya tsaya wajen diba, musamman bangaren tafkin Volta, tsargiya ta fata take shiga. ORS, hadin gishiri da sukari na masu gudawa, guda biyu a aljihun jaka, tun ranar abokin nan bana fita babu su.