Yadda ake gane oliyanda da dasa ta a Zariya

Masu yawan tambaya kan oliyanda, furen nan da ba ya kaɗe ganye ko da hunturu, ga matakan.

1. Duba ganyen: dogo, siriri, uku-uku a kowace gaɓa. Furen ja, fari ko ruwan hoda.
2. A watan Yuni, yanko reshe mai santimita 20.

Hattara: duk jikinta guba ne, har hayaƙinta. Sa safar hannu.

3. Tsige ganyen gindin reshen.
4. Tsoma gindin a ruwa har saiwa ta fito.
5. Haƙa rami a wuri mai rana, nesa da yara da awaki.
6. Cakuɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki. Laka zalla tana riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe.
7. Dasa, tazarar mita 2.
8. Da rani, ba ta ruwa sau biyu a mako.