Kafin ku ce tsohon kuɗin zinare ne

Jama'a, kada ƙyalli da tsohuwar shekarar da ke jikin tsaba su ruɗe ku. Da yawa lambar tunawa ce ta zamani, tagulla aka yi wa ruwan zinare.

Ku fara da sikeli. Fam ɗin zinare na Ingila nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22 da ɗan ɗoriya. In taku ta kai faɗin amma nauyin ya gaza sosai, ba shi ba ne, domin zinare ya ninka tagulla nauyi. Maganaɗisu kuwa rabin shaida ne: zinare ba ya kama shi, amma tagulla ma ba ta kama shi.

Don Allah kada ku kankare, ku kai wa maƙerin zinare ya gwada. In lambar zinare ce ta gaske, yawanci nauyinta da karat ɗinta, wato ma'aunin tsantsar zinaren da ke cikinta, su ne farashinta.