Darasi na Bakwai: Gano Wasan Sitiyari da Karkacewar Ƙafa a Tsohuwar A-kori-kura

Idan a-kori-kura ta kwana biyu tana ɗaukar kaya, direba yakan ji yana murɗa sitiyari amma ƙafafun gaba ba su amsa ba sai ya ƙara murɗawa. Wannan shi ne makanikai ke kira wasa. Kafin a kai motar wurin saitin ƙafa, wajibi ne a gano inda wasan yake, domin saitin da aka yi a kan sassan da suka ci ba ya daɗewa.

A tsayar da motar a wuri mai baje, ƙafafun gaba suna kallon gaba sak. Mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari dama da hagu a hankali, ɗayan kuma ya sa ido a kan taya. Idan bakin sitiyarin ya yi tafiyar da ta wuce kimanin milimita 30 kafin tayar ta motsa, to wasan ya yi yawa. Daga nan mai kallo ya leƙa ƙarƙashi, ya bi sandunan tun daga akwatin sitiyari har zuwa ƙafa, yana neman gaɓar da gefe ɗaya ke motsi ɗayan kuma yana tsaye. Kada a manta da notocin da suka ɗaure akwatin a jikin ƙarfen motar, domin sau da yawa su ne suka kwance, mutane kuma suna can suna zargin tairod, wato sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa ƙafa.

Sai a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya ta gefe da gefe a girgiza. Idan ta yi ƙas-ƙas, galibi kan tairod ne ya ci. A sake kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan an ji wasa, wani ya taka birki a maimaita: in wasan ya ɓace boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansa ne, in kuwa yana nan to bol-joyin ne, wato gaɓar da ta haɗa ƙafa da hannun ƙarfen da ke riƙe ta.

Akwatin sitiyari na tsofaffin motocin nan yana da sukurun saiti a samansa, kuma a nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna. Haƙoran ciki sun fi cinyewa a tsakiya, saboda haka idan aka matse sukurun sosai, sitiyarin zai cije a kwana ya ƙi dawowa da kansa. Kaɗan-kaɗan ake juya shi, ana gwadawa.

Ita kuwa taya, cinta ya isa shaida. Cin baki biyu alamar ƙarancin iska ce, cin tsakiya kuma iska ce ta yi yawa. Idan baki ɗaya ne ya cinye, ko kuma aka shafa zanen da hannu aka ji santsi ta gefe ɗaya, kaifi ta ɗaya gefen, to saitin ya goce. Motar da ke ja gefe guda, a fara daidaita iskarta, sannan a musanya tayoyin gaba biyu. Idan jan ya sauya gefe, laifin taya ne. Idan bai sauya ba, kuma an riga an canza duk abin da ya ci, lokacin zuwa wurin mai saiti ya yi.