Yadda za ka rabu da tsoron tuƙi har hannunka ya faɗa

Akwai masu lasisi da yawa da motarsu ke ajiye a gida tana shan ƙura. Sun koyi tuƙi, sun san birki sun san totur, amma da zarar an ce su hau titi sai tafin hannu ya jiƙe da gumi, ƙafa ta kama rawa a kan kuloci. Mafi yawan lokaci abin da ke kawo wannan shi ne aiki ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa: tana neman giya, tana tuna wace ƙafa ce a kan me, tana kallon mai A Daidaita Sahun da ya yanko gaba, ga kuma wani a baya yana danna hon. Gyaran yana da gida biyu. Hannu da ƙafa su haddace aikinsu har su daina neman izinin tunani, sannan a riƙa shiga abin da ake tsoro kaɗan-kaɗan, da tsari.

Fara da zamanka, domin direban da bai zauna daidai ba jikinsa a ɗaure yake tun kafin ya tayar da mota. Ka matso da kujera yadda idan ka take kuloci har ƙasa gwiwarka za ta rage ɗan lanƙwasa. Ka jingina bayanka sosai, ka miƙa hannu: wuyan hannunka ya kamata ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba. Masu tsoro sun fi son manne wa sitiyari kamar za su leƙa ƙarƙashin mota, kuma hakan na hana hannu juyawa, yana kuma da haɗari a motar da ke da jakar iska. Ka bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinka da sitiyari. Ka ɗauki sitiyarin kamar fuskar agogo, hannun hagu a ƙarfe 9, na dama a ƙarfe 3, riƙo mai sauƙi. Idan ƙashin yatsunka ya yi fari, ka matse da yawa. Madubin tsakiya ya nuna maka gilashin baya gaba ɗaya. Na gefe kuma ka buɗe su har sai gefen motarka ya rage ɗan siririn layi kawai. Ka ɗaura bel, ka yi addu'ar hawa abin hawa a natse, ba a guje ba.

A fili, kafin titi

Ka nemi wuri mai faɗi da babu kowa, kamar filin Idi ko filin makaranta a ranar hutu. A nan za ka yi aikin da ya fi kowane gundura kuma ya fi kowane amfani.

Idan motar mai giyar hannu ce, babban abin da ke firgita sabon direba shi ne mutuwar inji a tsakiyar mutane. Babban dalilinta shi ne: an saki kuloci da sauri kafin inji ya samu ƙarfin ɗaukar nauyin mota. Ka sa giya ta ɗaya a wuri mai shimfiɗa, kada ka taɓa totur sam, ka riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali har ka ji ƙarar inji ta ɗan sauka, gaban mota ya ɗan motsa. Wannan shi ne wurin da kuloci ke kamawa. Ka tsayar da ƙafarka a nan daƙiƙa biyu, motar za ta fara tafiya da kanta. Ka sake takewa, ka tsaya, ka maimaita. Sau ashirin a zama ɗaya bai yi yawa ba. Bayan haka ka kashe injin da gangan sau da yawa, ka koyi tayar da shi da tsari ɗaya: birki, kuloci har ƙasa, fitar da giya, murɗa makulli, giya ta ɗaya, tafi. Wanda ya yi wannan sau talatin a fili, ranar da ta same shi a gaban danja ba zai ɗauki fiye da daƙiƙa biyar ba.

Mai otomatik kuma doka ɗaya zai riƙe: ƙafar dama ce kawai ke aiki, ta hagu ta kwanta a gefe. Dunduniya ta zauna a ƙasa daidai birki, kan ƙafa ne ke karkatawa zuwa totur ya dawo. Duk lokacin da ba ka ba da wuta, ƙafarka ta koma saman birki ta jira. Masu afkawa shago ko katanga yawanci sun taka totur ne a zaton birki, suka firgita suka ƙara dannawa.

Kada ka bar filin nan sai ka gwada birkin gaggawa. Ka kai gudun kilomita 30 a awa, ka taka birki da iyakar ƙarfinka. Idan motar na da ABS za ka ji birkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka har da ƙara kamar wani abu ya karye. Babu abin da ya lalace, na'urar ce ke hana taya kullewa, don haka ka ci gaba da dannawa. Direbobi da yawa ba su taɓa jin wannan ba sai ranar haɗari, sai su ɗaga ƙafa a daidai lokacin da bai kamata ba. Ka kuma nemi ɗan tudu ka koyi tashi da birkin hannu: ja shi, nemo wurin kamun kuloci, ƙara wuta kaɗan, idan ka ji motar na ja sai ka sauke shi. Da wannan hawan gadar sama cikin cunkoso ya daina zama abin fargaba.

Ido da tazara

Mota tana bin ido. Direba mai tsoro yana kallon kan bonet da mita biyar na gabansa, shi ya sa komai ke zuwar masa ba zato, sitiyari kuma na ta kai-kawo a hannunsa. Ka ɗaga ido ka kalli nesa, inda za ka kai nan da daƙiƙa goma sha biyu ko fiye. Idan ka ga rami ko mai keke, kada ka kafe shi da ido, domin inda ka kalla nan hannu zai kai ka. Ka kalli sararin da kake so ka bi. Madubin tsakiya a leƙa shi kowace daƙiƙa biyar zuwa takwas, da kuma kafin kowane taka birki. Kafin canza layi: madubi, sigina, sannan ka waiga ta kafaɗa, domin akwai gurbin da madubi ba ya nunawa, kuma a nan mai babur ke ɓuya. Madubin gefen fasinja yana nuna abu da nisa fiye da yadda yake, a kiyaye.

Lissafin nan ya kamata kowane direba ya san shi. A gudun kilomita 50 mota na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. A 100 kusan mita 28. Daƙiƙa ɗaya da za ka ɗauka kafin ƙafarka ta isa birki, wannan nisan ya riga ya tafi. Nisan da birki ke buƙata kuma idan gudu ya ninka biyu shi ninki huɗu yake yi. A busasshiyar kwalta mai kyau, tsayawa daga 50 na cin kusan mita 28 gaba ɗaya, daga 100 kuma ya haura mita 80. Saboda haka tazara ita ce maganin tsoro mafi araha. Ka lura da wani abu a bakin titi, kamar turken lantarki. Idan motar gabanka ta wuce shi, ka ƙirga "dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku". Idan ka iso kafin ka gama, ka matse ta da yawa. A ruwan sama ka ninka. Gaskiya ne a Kano ko Kaduna da ka bar tazara wani zai cusa kai a ciki. Ƙyale shi, ka sake buɗe wata. Abin da ka rasa bai kai daƙiƙa biyu ba.

Hawa mataki-mataki

Gudun abin tsoro na kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi, domin ƙwaƙwalwa na ɗauka cewa gudun ne ya cece ta. Jefa kai tsakiyar kasuwa a rana ta farko ma ɓarna yake yi. Hanyar da ke aiki tana tsakani.

Ka rubuta wuraren da ke ba ka tsoro, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Misali: layin unguwa bayan sallar asuba, 2, titin unguwa da rana, 4, shataletale ranar Lahadi da safe, 5, gadar sama, 6, cunkoson yamma, 8, babbar hanya kamar ta Kano zuwa Zariya, 9. Ka fara da mai maki 3 ko 4. Ka bi hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, minti 20 zuwa 30, sau huɗu ko biyar a mako. Kada ka hau mataki na gaba sai makin wannan ya sauko zuwa rabi a fita biyu ko uku a jere. Gajeren tuƙi kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai nesa ba kusa ba. Idan wata rana ta ɓaci, ka sauko mataki ɗaya washegari, amma kada ka bari kwana uku su wuce ba ka taɓa sitiyari ba.

Wanda zai zauna a gefenka ya zama mai sanyin hali, mai faɗin abu tun da wuri da gajeren magana. Miji ko yaya mai tsawa, komai ƙwarewarsa, yana ƙara dagula lamari. Awa biyar da malamin makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita sun fi wata guda na faɗa a cikin mota. Daga baya dole ka fita kai kaɗai, ko da zagayen unguwa ne, in ba haka ba natsuwar taka ta ɗan rakiyar ce. Alamar L ta mai koyon tuƙi a gaba da baya ba abin kunya ba ce, tana sa wasu su ba ka wuri.

Shataletale dokarsa ɗaya ce: wanda ke ciki shi ke da hanya, kuma tun da hannun dama muke bi, daga hagunka zai fito. Ka rage gudu tun da nisa, ka koma giya ta biyu, ka kalli hagu, ka shiga idan ka ga gurbi. Idan ka wuce mafitarka, ka sake zagayowa. Tirela da tankar mai kuwa, idan ba ka ganin madubin direban, shi ma ba ya ganinka. Kada ka shiga tsakaninta da bakin titi lokacin da za ta sha kwana, domin tayoyin baya suna yanko ciki. Shan gaban mota a hanya mai layi ɗaya-ɗaya ka bar shi sai can gaba. Bin bayan babbar mota na minti goma ba ya rage komai.

Sai hon. Mai danna maka hon a baya ba shi zai biya gyara ba idan ka fita a gurbin da bai isa ba. Ka bi layin dama, ka yi gudun da ya dace da hanya. Iyakar gudu ga motar gida a Najeriya kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tafiyar hawainiya a inda kowa ke gudu ita ma tana da nata haɗarin, shi ya sa ake barin babbar hanya zuwa matakin ƙarshe.

Idan faɗuwar gaba ta taso maka kana cikin tafiya, zuciya na bugawa, numfashi na sama-sama, kada ka taka birki a tsakiyar titi. Ka sassauta riƙon sitiyari, ka sauke kafaɗa, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar ta baki kana ƙirga shida. Fitarwar ce ke kwantar da bugun zuciya, don haka ta fi shaƙar tsawo. Ka riƙa faɗin abin da kake gani da baki: "farar mota a gaba, danja ta ba da hannu, mai babur a dama." Idan bai lafa ba, ka sa sigina, ka sauka gefe a wuri mai aminci, ka kunna fitilun gargaɗi. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kusan minti goma sannan ya sauka. Idan ya sauka, ka ƙarasa tafiyar ko da kilomita ɗaya ce, kada ka miƙa wa wani makulli nan take. Goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna ƙara bugun zuciya, a rage su kafin fita. Maganin mura mai sa barci kuma bai haɗu da tuƙi ba.

Motar da ba ka yarda da ita ba ba za ta bar ka ka natsu ba. Ka duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba; yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke a ma'aunin PSI. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Kamfanonin mota da dama na ba da shawarar canza wadda ta haura shekara shida ko da zanenta bai cinye ba. Idan taya ta fashe kana gudu, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka birki sai gudun ya sauko. A hazon hunturu ka kunna gajeriyar fitila, domin doguwar dawo maka take yi a ido. Da dare idan mai zuwa ya haske ka, ka karkata ido zuwa gefen titi na dama. Ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, saboda man da ya taru a kwalta yana tasowa.

Wanda dare ke ba shi wahala fiye da kima ya je a gwada idonsa, sau da yawa tabarau ne kawai ya rage. Wanda kuma tsoronsa ya samo asali daga haɗarin da ya yi ko ya gani, har yana mafarkinsa, ko jikinsa na rawa idan ya wuce wurin, kuma abin ya haura wata guda bai ragu ba, ya ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam a asibiti, a haɗa jinyar da matakan nan. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ka ajiye ta a wayarka tare da ta bakanikenka kafin fita ta farko.